Wai RAM mai ECC tana hana data ɓacewa in kwamfuta ta faɗi?

Abu_Hanan:
Salam yan uwa. Dan Allah masana kwamfuta ku taimaka min da haske. Muna da shagon sarin magunguna, akwai kwamfuta daya a daki na baya ita ce saba, guda uku na kan kanta duk ita suke turawa lissafi. Matsalar lokaci lokaci sai ta kawo shudin skirin ta mutu ta tashi da kanta, in ta dawo sai kaga cinikin karshe da aka shigar babu shi, rasit na hannun kwastoma amma a sistem ko alama babu, har an fara kallon yaran shago da wani ido alhali ni nasan ba halinsu bane. Wani yace in sa RAM mai ECC wai ita bata mantuwa ko kwamfuta ta fadi. Kudin ba kadan bane don har madabod sai an canja. Gaskiya ne ko dai ciniki yake nema?

Mai_Gyara:
Wslm. Oga rike kudinka tukuna. ECC ma RAM ce, wato ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke aiki a kai, ana dauke wuta ta manta komai kamar yar uwarta. Kana da UPS?

Abu_Hanan:
Akwai UPS, akwai inbata ma. Wuta bata yankewa a dakin, ita kadai take faduwa.

Injiniya:
To Alhaji ka ga amsar nan taka ta rage mana aiki. Mutane suna haɗa cuta uku su kira su da suna ɗaya, "kwamfuta ta faɗi", kuma maganinsu ba ɗaya ba ne. Akwai ɗaukewar wuta, wannan UPS ne maganinta kuma ka ce kana da shi. Akwai faɗuwar sistem ɗin kansa, wuta na nan amma Windows ko Linux ya rikice ya tsaya. Sai kuma RAM ɗin ta yi ƙarya, a ajiye mata 0 ta dawo da 1. ECC ta ƙarshen nan kawai take magani. Yadda take yi, bit shi ne 0 ko 1 guda ɗaya, to duk bit 64 na data ana ƙara masa bit 8 na tantancewa ya zama 72, in bit ɗaya ya juye za ta gyara shi shiru ba wanda ya sani, in biyu ne za ta gane amma ba ta iya gyarawa sai ta kai ƙara. Asalin lissafin na Richard Hamming ne na Bell Labs tun 1950. Amma fa kar a ce wanda ya ba ka shawara bai san komai ba, domin in RAM ɗinka ce ta lalace to ita ce ke jawo shuɗin skirin ɗin, ka ga canja ta zai rage faɗuwar. Abin da ba zai yi ba shi ne dawo da cinikin da ya ɓace ran da ta sake faɗi saboda wani dalili daban.

Dan_Aji_Uku:
Malamai ni akwai abinda ya dade yana damuna a nan. An koya mana RAM tana mantuwa ne saboda tana bukatar wuta. To in sistem ne ya fadi kuma wuta bata yanke ba, me yasa abinda ke cikinta zai bata? Ba yana nan zaune ba?

Tsohon_Malami:
Yaro Allah ya yi maka albarka, tambayar da ka yi ita ce wasu suka yi a Jami'ar Michigan ta Amurka shekaru talatin da suka wuce. Peter Chen da ɗalibansa, aikin ana kiransa Rio, sun fitar da takardar a 1996. Kuma amsar ita ce eh, yana nan zaune. Ba RAM ce ke zubar da shi ba, mu ne. Kwamfuta in ta tashi sai ta ɗauka duk abin da ke RAM shara ne ta rubuta sabo a kai.

Sai suka ce to abu biyu ne ke sa ba a yarda da RAM. Na farko sistem ɗin da ke gab da faɗuwa kamar mai farfaɗiya yake, yana iya rubuta shirme a ko'ina kafin ya tsaya, har kan fayilolin da ke jiran a kai su diski. Na biyu wannan sharewar lokacin tashi. Na farkon suka magance shi da kulle shafukan RAM da ke riƙe da fayiloli, irin kullen da firosesa dama take da shi na hana rubutu, ba a buɗewa sai daidai lokacin da sashen fayil zai yi rubutu na halal, yana gamawa a mayar da kulle. In wani direba, wato 'yar manhajar da ke sarrafa wani ɓangaren injin, da ya haukace ya zo zai rubuta a wurin sai firosesa ta kama shi ta tsayar da injin kafin ya yi ɓarna. Na biyun kuma suka sa injin in ya tashi ya fara kwashe abin da ke RAM ya kai diski kafin ya taɓa komai.

Abin da ya fi burge ni shi ne gwajin. A kan injinan DEC Alpha masu Digital Unix suka riƙa cusa wa sistem kurakurai da gangan har ya faɗi, sau 650 ga kowane tsari. Wanda ke rubuta komai diski nan take ya lalata data a kashi 1.1 cikin ɗari na faɗuwar. Rio ba kulle kashi 1.5. Rio da kulle kashi 0.6. Wato RAM da aka tsare ta fi diskin da kowa ya yarda da shi aminci, ga kuma sauri ba a magana tunda ba jiran diski.

Dan_Aji_Uku:
Ikon Allah. Malam to me yasa diski ma yake lalacewa a gwajin, ba ance shi baya mantuwa ba?

Tsohon_Malami:
Ba ya mantuwa amma ba ya tantancewa. In sistem ya ɓata data a RAM sannan ya miƙa masa, haka zai rubuta ɓatacciyar da amana ya ajiye maka ita har abada.

Baban_Database:
Malam da girmanka, ni fa wannan labarin Rio duk sanda aka kawo shi sai in ce to ina yake yau? Shekara talatin, wane banki ne ya ɗora kuɗin mutane a kai? Su kansu sun ce sai da UPS, kuma in madabod ta ƙone ko firosesa ta mutu fa? Diski ka ciro shi ka saka a wani injin ka ci gaba da aiki, RAM kana zare ta shikenan an gama. Kuma injinan PC da yawa suna taɓa RAM ko su goge ta lokacin tashi, ba kamar Alpha ɗin da suka yi gwaji da shi ba. Duniya ta riga ta zaɓi hanya, ka rubuta a littafin log tukuna, ka kira fsync, ka jira diski ya ce ya karɓa, sannan ka ce wa mai kanta an adana. PostgreSQL haka, InnoDB na MySQL haka, SQLite da ke cikin kowace waya haka. Matsalar Alhaji ba ta bukatar binciken jami'a, manhajarsa ce ke buga rasit kafin ta tabbatar.

Maman_Ilham:
Na goyi bayan Baban Database a wannan gaɓar ta ƙarshe. Alhaji bari in kwatanta maka da abin da ka sani. Yaron kanta ya karɓi kuɗi ya rubuta a 'yar takarda ya tura aljihu da niyyar in an rage cunkoso ya shigar a babban littafi. Haka kwamfuta ke yi, in manhaja ta ce rubuta wannan, sistem sai ya ce an rubuta alhali a RAM ya ajiye, sai daga baya ya kai diski. A Linux yana iya kai daƙiƙa 30 a haka in ba a canja saitin ba. fsync shi ne ka tsaya a kansa ka ce a'a, shigar yanzu ina gani. Masu rubuta manhaja da yawa suna kashe wannan saboda kwastoma ya ce sistem na da nauyi, suna kashewa sai ya yi gudu kowa ya yi murna, sai ran da aka faɗi. Ka tambayi wanda ya haɗa muku wace database ce a ciki. In MySQL ce ya duba innodb_flush_log_at_trx_commit, ya kamata ya zama 1. In kuma teburan MyISAM ne to nan ma akwai magana don shi ba ya da wannan kariyar sam. In SQLite ce ya duba ko an sa synchronous a OFF.

Abu_Hanan:
Hajiya nagode sosai, na kwafa na tura masa yadda kika rubuta don ni wadannan sunayen ko karanta su ban iya ba.

Mai_Gyara:
Kafin ya amsa, Oga ka sa a dora MemTest86 a filash a tashi injin da shi bayan an rufe shago a barshi ya kwana yana yi. Kyauta ne. In kaga ja a skirin da safe to RAM ce. Sannan a bude injin a hure kura, wlh abinda nake cirowa daga injinan shaguna lokacin hunturu ya isa a shuka gero. A zare RAM din a goge bakin a mayar ta zauna daram, sau da yawa iyakar ciwon kenan.

Dan_Damagaram:
Gaisuwa gareku daga Nijar. Mu nan zahi shi ne babban abokin gaba, watan hudu da na biyar daki ba iska ordinatar tana aiki tun sahe har dare. Kuma ku lura da ondilar dinku, abinda kuke cewa UPS, batirinta in ya tsufa hitilar tana nuna kore lahiya lau amma kuran na yankewa ita ma ta bi shi. Ni ban yarda da ita ba sai na zare waya daga bango da hannuna na gani ko za ta rike.

Injiniya:
Wannan gaskiya ne mutumin Damagaram, kuma irin gwajin da Alhaji zai yi wa manhajar kenan ma, amma a injin gwaji ba na shago ba. A shigar da ciniki, rasit na fitowa a fizge wayar wuta, a kunna a duba. In cinikin na nan manhajar na da amana. In babu to ko RAM ta zinare aka saka ba za ta hana ba.

Tsohon_Malami:
Baban Database ban ce Alhaji ya je ya nemo Rio a kasuwa ba, yaro ne ya yi tambaya na amsa masa. Amma cewar tunanin ya mutu ban yarda ba. Wayar Android da ke hannunka in zuciyar sistem ta faɗi, a wani ɗan yanki na RAM da aka keɓe take rubuta bayanan ƙarshe, in ta tashi a karanta, a Linux ana kiransa ramoops. kdump ma fa, sistem ya faɗi sai wani ƙaramin sistem da aka ajiye gefe ya tashi ba tare da an share RAM ba ya kwashe ta zuwa diski. Katin RAID mai batir, wanda ke sarrafa diskoki a cikin sabobin bankin da kake magana fa? Database ɗinka ta kira fsync, katin ya ce an rubuta, a ina ya ajiye? A RAM ɗinsa mai batir. Kai kanka kana dogara da RAM kullum, kawai dai an ɓoye maka ita a bayan kati ne shi ya sa hankalinka ya kwanta.

Baban_Database:
Hhhh Malam ka kama ni a katin RAID. Amma ai bambancin kenan, RAM ɗin katin sistem ba ya iya kaiwa gare ta kai tsaye, sai ta ƙofa ɗaya, ka aika umarni a duba a karɓa. Ita kuwa babbar RAM ko wane direba yana iya miƙa hannu.

Tsohon_Malami:
To ai hujjar Chen kenan ka maimaita da bakinka. Abin da ke sa diski aminci ba ƙarfen ba ne, ƙuncin ƙofar ne. Ka yi wa RAM ƙofa irin wannan ka samu aminci irin wannan.

Maman_Ilham:
Kuma kar a ɗauka fsync ɗin ma wani waliyyi ne. A 2009 da ext4, tsarin ajiye fayil na Linux da ya gaji ext3, ya shigo, mutane sun riƙa samun fayilolinsu sun koma babu komai a ciki bayan injin ya faɗi, saboda manhajoji sun saba rubuta sabon fayil su canja masa suna ya maye tsohon ba tare da fsync ba, ext3 yana rufa musu asiri, ext4 kuma yana jinkirta rubutun. An yi ta cacar baki da Theodore Ts'o mai kula da ext4 kan laifin waye, a ƙarshe aka sa gyara a Linux 2.6.30. Sai 2018 mutanen PostgreSQL suka gano in fsync ya gaza sau ɗaya a Linux ka sake kira yana iya ce maka lafiya lau alhali data ɗin ta tafi, shekara da shekaru suna zaton sake gwadawa na aiki. Maganin da suka yi shi ne in fsync ya gaza database ta kashe kanta ta farfaɗo daga log. Ga kuma SSD masu araha da ke cewa sun rubuta alhali abin na cikin ƙaramar RAM ɗinsu, na sabobi ne ke da kafasito da ke ba su ɗan lokacin ƙarasa rubutu in wuta ta yanke.

Dan_Aji_Uku:
Anti to kenan ba abinda za a yarda dashi 😭

Maman_Ilham:
Akwai, ajiyar kwafi a wani injin daban, wanda ka taɓa gwada dawo da shi ka ga ya dawo.

Sarkin_Gardama:
Ni duk wannan maganar bit ya juye da kansa ban gamsu ba. Shekara nawa ina amfani da laftof ba ECC ban taba ganin 0 ya zama 1 ba. Yan kasuwa ne kawai ke tsorata mutane.

Injiniya:
Ta yaya za ka gani ɗan uwa, tunda injinka ba shi da abin da zai gaya maka? Sau nawa burauza ta rufe kanta ka ce netwok ne? Google sun bi sabobinsu na tsawon shekara biyu da rabi, Bianca Schroeder ta Jami'ar Toronto da mutum biyu daga Google suka fitar da sakamakon a 2009. Sama da kashi 8 cikin ɗari na sandunan RAM suna samun kuskure a shekara, kusan injin ɗaya cikin uku yana gamuwa da aƙalla kuskure ɗaya a shekara. Kuma abin da suka gano mafi yawa ba haskoki daga sararin sama ba ne kamar yadda ake ta faɗa, lalacewar sandar ce da kanta, wadda ta yi kuskure sau ɗaya ita ce ke sake yi. Kowane bit fa ɗan mitsitsin kafasito ne da cajinsa ke zurarewa, sai an sabunta shi duk milisakan 64, biliyoyinsu a sanda ɗaya. Abin mamaki shi ne da suke aiki ma.

Mai_Gyara:
Sarkin Gardama ka nemi labarin zaben Schaerbeek a Beljiyam 2003, na'ura ta karawa yar takara kuri'a 4096 cif. Duk dan kwamfuta yasan lambar nan, 2 sau 2 har sau 12, bit daya ne ya tashi daga 0 zuwa 1. An gane ne don kuri'un sun wuce abinda zai yiwu.

Sarkin_Gardama:
A nan da an ce magudi ne kawai an wuce wurin 😂

Injiniya:
Linus Torvalds wanda ya ƙirƙiro Linux ma a farkon 2021 ya caccaki Intel kan sun mayar da ECC kayan sabobi masu tsada sun hana talakawa. Firosesocin Ryzen na AMD da yawa suna karɓa amma sai madabod ta yarda. Kuma a kula, RAM samfurin DDR5 da ake tallata wai tana da ECC a ciki, wannan na cikin ƙwayar ne kawai, ba ya kare data a hanyarta zuwa firosesa kuma ba ya gaya maka an yi kuskure. Kar mai shago ya sayar maka da ita a matsayin cikakkiyar ECC.

Abu_Hanan:
Yan uwa ga rahoto. Mun bar gwajin ya kwana, da safe skirin ja jawur a kasa. Mai gyaran mu ya cire sanda daya ya sake yi da dayar, tsaf ba ja. Mai manhaja kuma ya amsa, yace MySQL ce kuma lambar da Hajiya ta fada a 0 take, wai shi ya sa ta haka tun farko don injin na jan kafa.

Baban_Database:
Ka ji ko. Amma tsaya, 0 ɗin nan cinikin kusan daƙiƙa ɗaya yake ɓatarwa, ba na minti biyar ba. In abin da ke ɓacewa ya fi haka to akwai wani abu kuma, ko manhajar na tara ciniki a wurinta kafin ta tura, ko wasu teburan MyISAM ne. Ka matsa masa ya duba, kar ya canja lamba ɗaya ya ce an gama.

Maman_Ilham:
Kuma tunda an tabbatar sandar na ƙarya, a binciki lissafin watannin baya. Wanda ya ɓace kun gani, wanda aka rubuta da lamba ba daidai ba fa? A gwada jimillar sistem da rasit na takarda ko na sati biyu ne. Yaran shagon kuma a gaya musu abin da aka gano, an zarge su a fili.

Abu_Hanan:
Wlh Hajiya yau din nan zan tara su.

Dan_Aji_Uku:
Malam tambaya ta karshe, ba a taba kera RAM da bata mantuwa gaba daya ba a huta da duk wannan?

Tsohon_Malami:
An fara da ita ma. Kwamfutocin shekarun 1950 da 1960 da ƙananan zobban maganaɗisu suke ajiya, ka kashe injin ka dawo abin na nan. DRAM, wato irin RAM ɗin da muke amfani da ita yau, ta kore su don araha da ƙanƙanta. A zamanin nan akwai NVDIMM, sandar RAM ce da filash a jikinta da babban kafasito, wuta na yankewa ta juye kanta cikin filash. Intel kuma sun fito da sandunan Optane na sabobi a 2019, suka sanar da rufe harkar a 2022, kasuwa ba ta karɓa ba. Amma ka riƙe wannan, rashin mantuwa bai warware matsalar Rio ba. Sistem mai faɗuwa zai iya rubuta shirme a kanta, kuma yanzu shirmen ma ba ya gogewa da kashe injin. Ga kuma abin da ke cikin ma'ajiyar firosesa wanda bai sauko ba tukuna, sai mai manhaja ya tura shi da hannu kuma bi da bi, in rabin canji ya sauka rabi bai sauka ba an koma gidan jiya.

Baban_Database:
Wato log dai za a sake rubutawa, a RAM ɗin. Na gode Malam da ka dawo layina 😄 Kuma akwai tsaro, makullan sirrin diski a RAM suke zama. Mutanen Princeton sun nuna a 2008 ko DRAM ta yau da kullum in ka sanyaya ta tana riƙe data na mintuna bayan an kashe, har a ciro makulli. Ina ga wadda ba ta mantuwa sam, ɓarawo ya zare sanda ya sa aljihu?

Tsohon_Malami:
Ban dawo layinka ba. Log a RAM ba jiran diski, Lowell da Chen sun yi shi a kan Rio tun 1997 suka kira shi Vista, kuma saurin da suka samu ba a haɗa shi da na mai jiran diski. Maganar makulli kuma ɓoye rubutun ake yi a cikin sandar, Optane ɗin ma haka take.

Baban_Database:
Sauri ba shi ne tambayar ba Malam, in ɗakin ya kama da wuta fa? Ni sai ciniki ya sauka a injin biyu a gini biyu nake cewa an adana.

Mai_Gyara:
Ku dai ci gaba. Oga Abu Hanan in zaka sayi sabuwar sanda ka tafi da tsohuwar mai kyau a hada lamba da gudu iri daya, kuma a sake kwana da gwajin kafin a mayar da injin aiki, sabuwa ma tana zuwa da ciwo.

Dan_Damagaram:
Kuma a sa ma dakin fanka dan Allah.